Bedi a Gonar Aro

Talata, 3 ga Yuli, 1984

An koma aiki bayan Ƙaramar Sallah. Malam Gidiyon, shugabanmu a ofishin gandun daji na nan Dutsin-Ma, ya tara mu ya karanta takardar da ta zo daga Kaduna. Wai gwamnati ta ɗauki alkawari a gaban ƙasashen duniya cewa za ta tare hamada da katangar itatuwa, kuma kowace ƙaramar hukuma sai ta fitar da nata kason bana. Namu kason, kowane manomi ya jera bedi, wato dogon yaro, a gefen gonarshi ta inda iska ke bugowa. Amma kafin nan ana son gona guda a bakin hanya da za a yi bikin dashe a cikinta, babban baƙo ya zo, a ɗauki hoto.

Maganar dai tana kan hanya. Damina sai ja baya take yi, makaho ma ya sani. Bana a Wurma sau biyu rairayi na binne shuka. Amma je ka faɗa wa manomi! Da ka ce dashe sai ya ce maka in icce ya shigo gona malamin daji na biye da shi, ranar da ka sari reshe ya ci ka tara. Malamin dajin kuwa ni ne. Mi zan ce?

Alhamis, 5 ga Yuli

Bakina ya ja mani.

Mun zagaya har Kurfi, ba wanda ya ba da gona. Malam Gidiyon ya gaji ya ce, "To cikinku babu mai gonar gado a bakin hanya?" Sai Julius akawu, wanda bakinshi ba ya hutawa, ya ce a tambayi Sabitu, in dai 'yan Faransa na da gado a Nijeriya. Aka kwashe da dariya. Wasa yake yi, na sani, kullum muna yi. Amma bana da aka rufe kan iyaka, ana loda mutanen Nijar a manyan motoci ana mayar da su, wasan ya daina yi mani daɗi. Kaina ya ɗau zafi. Na ce gonar babana na nan Birchi, bakin hanya, gado ce tun kaka da kakanni, mai shakka ya zo ya auna. Malam Gidiyon ya miƙo mani hannu, ya ce na fitar da ofis kunya.

Gonar ba tamu ba ce. Bari in faɗi gaskiya ko a nan ne. Baba daga wajen Tasawa ta ƙasar Nijar ya zo yana saurayi, wata shekarar yunwa, daga shi sai sanda da buta. Alhaji Labaran mai hatsi na Kurfi ya ba shi aronta, yau kusan shekara talatin. Kowace kaka Baba na zaɓar dami mafi kyau ya kai mashi gaisuwa, don kada a manta ta waye. Kuma kowa ya san ba a dashe a gonar aro. Ka shuka gero, ka shuka wake, ka kai taki, duk ba laifi. Amma ranar da ka dasa icce, ka ce ƙasar taka ce ke nan. Mai dashe shi ne mai wuri.

Na san wannan sarai lokacin da nake bugun ƙirji.

Asabar, 7 ga Yuli

Na je Birchi. Na ce wa Baba manyan baƙi za su zo ganin gona. Ya yi dariya, ya ce ashe har geron wagga shekara da bai kai gwiwa ba ya samu masu kallo. Inna ta dama fura. Maganar dashe ta zo maƙogwaro ta koma. Na ce a raina in na shiga ofis Litinin sai in janye.

Litinin, 9 ga Yuli

Ban janye ba. An riga an buga wa Kaduna waya.

Laraba, 18 ga Yuli

An yi.

Tun da sassafe leburori suka haƙa ramuka a jere gefen gabas, aka kafa rumfa, aka sauke dashen bedi cikin ledoji. Aka kafa allon katako a bakin hanya, fari tas da baƙin rubutu: GONAR GWAJI TA MALAM MAMUDA BIRCHI. Ni ban san da allon ba, wallahi. To ko na sani mi zan yi?

Baba ya iso da rigarshi ta Sallah. Ya ga ramuka, ya ga ledoji. Bai iya karatun boko ba, sai ya tambayi wani abin da aka rubuta, aka karanta mashi. Ya juyo yana nemana cikin jama'a, ni kuwa na sunkuya wai ina gyara kujeru.

Babban baƙon ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce hamada ba ta neman izini a kan iyaka, kuma alkawarin da ƙasa ta ɗauka a wuyan kowa yake. Sannan ya ɗauki dashe guda ya ce mai gona shi zai fara. Malam Gidiyon ya kamo hannun Baba yana cewa, "Baba, ɗanka ya ce mana gado ce tun kakanni. Allah ya ƙara albarka." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kalma guda Baba zai faɗa in zama abin dariya daga nan har Kaduna.

Ya ce, "Amin."

Ya tattare riga ya durƙusa. Ya yage ledar a hankali, ya sa dashen cikin rami, ya tura ƙasa ya danna da tafin hannu biyu. Aka yi tafi, mai hoto ya ɗauka. Da na ɗaga kai sai ga Abdulƙadir, babban ɗan Alhaji Labaran, a bakin hanya bisa babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, yana kallon allon. Bai sauko ba. Ya tayar ya nufi Kurfi.

Da aka watse Baba ya wanke hannu da buta. Na tsaya ina jiran faɗa, ko mari ma da na fi so. Cewa ya yi in shiga in ci abinci kafin in koma.

Juma'a, 20 ga Yuli

Alhaji Labaran ya aiko. Bayan masallaci muka same shi a zaurenshi na Kurfi, ya miƙe ƙafa bisa matashi, ta kumbura kamar turmi. Baba ya cire takalmi tun daga waje. Kafin a tambaye shi ya ce, "Laifina ne, Alhaji. Da hannuna na dasa." Ko sunana bai kawo ba.

Abdulƙadir ya ce a je a tumɓuke su kawai. Dole na buɗe baki na ce doka ta hana, dashen gwamnati ne, wanda ya taɓa sai kotu. Ni da na sha cin mutane tara kan abin da bai kai haka ba. Ya dube ni ya ce, "Ashe da shirinku kuka zo, Malam Sabitu." Wannan Malam ɗin ya fi zagi zafi.

Alhaji ya ɗaga mashi hannu. Ya ce icce bai yi laifi ba, shi ma ya ga yadda iska ke cinye gonaki, a bar su su girma. Abin da ya dame shi allon ne, da abin da gwamnati ta ɗauka a ranta. Ya ce, "Mamuda, ni da kai ba a taɓa jin kanmu ba. Ni na san ka. Amma dubi ƙafar nan. In na tafi ba ni zan yi magana ba, allo ne zai yi."

Sharaɗinshi bai da wuya. A gyara allon a sa sunanshi, shugabana ya zo gaban mai gari ya faɗa da bakinshi cewa gonar ta Alhaji Labaran ce. A yi kafin a kai damin bana. In an yi haka, zai tara 'ya'yanshi ya ce masu muddin Mamuda na numfashi kada wanda ya taɓa shi.

Na ce in sha Allahu cikin makon nan. A hanyar komawa, da muka kusa gida, Baba ya ce, "Alhaji mutum ne."

Litinin, 23 ga Yuli

Na shiga ofishin Malam Gidiyon da maganar a baki. Na tarar da shi yana manna jarida a bango. Hoton Baba ne a durƙushe, da sunan ofishinmu a ƙasa. Ya rungume ni. Ya ce Kaduna sun yaba, kuma ya tura sunana kwas na ƙaro ilimi a Jos, wanda daga shi sai ƙarin girma. Julius ya sara mani ya ce, "Ranka ya daɗe, mai gonar gado!"

Na fito da maganata yadda na shiga da ita.

Alhamis, 2 ga Agusta

Ban faɗa ba.

Talata, 14 ga Agusta

Ruwa ya ɗauke. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin har a kwashe shanya, sai iska ta watsa shi. Gero ya fara naɗe ganye. An fita roƙon ruwa, na bi sahu, amma abin da nake roƙo daban ne: Allah ya sa a yi wa Malam Gidiyon canjin wurin aiki, wani sabo ya zo in faɗa mashi ba tare da ya san bugun ƙirjin da na yi ba. Dubi irin addu'ar da ɗan Musulmi ke yi ana cikin fari.

Lahadi, 26 ga Agusta

Dabara ta zo mani, irin tawa. Na je Birchi da rana tsaka lokacin da ba kowa a hanya, na girgiza allon na tuge shi, na cusa bayan rumbunmu. Ba allo, ba magana. Na dawo ina fito bisa babur kamar wanda ya ci yaƙi.

Juma'a, 31 ga Agusta

Malam Gidiyon ya bi ta Birchi ya ga babu allo. Ya tambaye ni, na ce iska ce. Ya ce lallai kuwa, ga shaidar abin da muke yaƙi da shi. Ya sa an yi sabo, wannan karon na ƙarfe, aka kafa shi da siminti. Rubutun ya fi na da girma.

Wayyo ni Sabitu. Garin neman gira na rasa ido. Yanzu mutanen Kurfi mi za su ce? An roƙe mu mu sauke katako, mun mayar da ƙarfe.

Juma'a, 7 ga Satumba

Babbar Sallah a gida. Ba wanda ya yi layya a layinmu. Da hantsi ban ga Baba ba, na tambaya. Inna ta ce in je gona in gani da idona.

Na same shi da garwa biyu a sanda, yana bin dashen ɗaya bayan ɗaya yana zuba masu ruwa. Daga rijiyar bakin gari yake ɗaukowa. Geronshi na ƙonewa a gefe, shi yana shayar da abin da zai raba shi da gonar. Na ce Baba don Allah ka bari. Ya ce, "Abin gwamnati ne. In sun mutu kai za a tambaya."

Da na dawo Inna ta tare ni a bakin madafa. Ta ce, "Ubanka bai iya faɗa ba, ni na iya. Kunyar mi kake ji? Cewa ubanka baƙo ne? Da geron gonar aron nan aka yi maka goyo, da shi aka kai ka makarantar da ta koya maka jin kunyarmu. Ka je ka buɗe bakin nan naka da ya iya ƙarya, ya gwada gaskiya sau ɗaya." Na ce mata ba ta san yadda aikin gwamnati yake ba. Ta ce ta san yadda yunwa take.

Na yi fushi na hau babur ko sallama ban yi ba. Fushin mi? Oho.

Laraba, 19 ga Satumba

Na tsara yadda zan faɗa. Na maimaita a ɗaki, na maimaita bisa babur. Na shiga ofishin Malam Gidiyon, sai ga Julius zaune yana buga takarda. Na tambaya ko an kawo man babur na wata.

In an tabbatar da kwas ɗin sai in faɗa. Ai ba a fara girbi ba tukuna.

Litinin, 15 ga Oktoba

An yi girbi, in har za a kira shi girbi. Abin da aka samu ba zai kai su tsakiyar rani ba. Duk da haka Baba ya zauna ya tsinci zangarniyar da ta fi ƙwari ya ɗaure damin Alhaji, ya ɗora wa jaki ya tafi Kurfi.

Alhaji na ciki, jiki ya yi tsanani, ba a shiga. Abdulƙadir ne ya fito. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya ce, "Baba Mamuda, ai mai gona ba ya kai wa wani gaisuwa. Mun ga ƙarfe, mun ga siminti."

Damin ya dawo bisa jakin. Duk Birchi an gani. Inna ce ta aiko a faɗa mani, ta ce a ƙara da cewa ba ta neman amsa.

Gobe. Wallahi gobe.

Talata, 16 ga Oktoba

Malam Gidiyon ya tafi garinsu, an yi mashi rasuwa. Sai mako mai zuwa.

Asabar, 20 ga Oktoba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Labaran ya rasu da asuba.

Na je jana'iza. Baba na cikin masu ɗaukar makara, yana kuka ba ya ɓoyewa. Ni na tsaya can baya. Mutumin da ya ce zai tara 'ya'yanshi saboda mu ya yi wata uku yana jira, bai ga kowa ba.

Laraba, 24 ga Oktoba

Na faɗa. A gaban Julius ma, don na gaji da jiran ya fita.

Malam Gidiyon ya cire tabarau ya daɗe yana kallona. Na zaci zai yi tsawa. Sai ya ce, "Haba Sabitu! Mu ma a garinmu haka ake, ba a dashe a gonar aro. Da ka faɗa mani ai fenti ne kawai. Gwangwani guda, da tafiyar rabin yini." Ya ce Kaduna itatuwa suke so, ba ruwansu da sunan da ke jikin allo.

Fenti kawai.

Julius bai yi dariya ba. Ya biyo ni waje ya ce in yafe mashi, shi ma a ɗakin haya aka haife shi, ubanshi bai mallaki ko taku ɗaya ba a Kafanchan. Ga wanda na yi wa ƙaryar don ya girmama ni.

Malam Gidiyon ya ce ba zai cire sunana daga kwas ba. Da ya cire da na fi samun sauƙi.

Litinin, 29 ga Oktoba

Mun je Birchi da fenti. Mai gari ya zauna, dattawa suka zauna, aka kira Abdulƙadir. Malam Gidiyon ya miƙe ya ce gonar ta marigayi Alhaji Labaran ce, ofis ne ya yi kuskure. Na ce a'a, ba ofis ba ne, ni ne. Da hannuna na shafe sunan Baba na rubuta na Alhaji.

Abdulƙadir ya yi godiya. Ya ce da mahaifinsu na raye aka yi wannan, da magana ta ƙare. Amma bai bar wasiyya kan gonar ba, yanzu ta shiga gado, akwai mata akwai marayu ƙanana, kuma bayan abin da ya faru ba wanda zai yarda a bar ta hannun wani. Ba zan ce ya yi zalunci ba. Na so in ce, na duba ban samu ta inda zan kama ba.

Baba ya ce, "Gaskiya ne. Abin aro ba ya ado. Allah ya jiƙan Alhaji, ya rufa mani asiri shekara talatin." Ya roƙi a bar shi ya kwashe kara. Aka ce ya kwashe.

Asabar, 8 ga Disamba

Na ce wa Baba da Inna su dawo Dutsin-Ma mu zauna. Baba ya ce shi in bai ga rumbu da safe ba bai san gari ya waye ba. Inna ta fara amsa gaisuwata, amma a taƙaice.

Alhamis, 24 ga Janairu, 1985

An ɗage kwas ɗin Jos. Wai sai abin da hali ya yi.

Lahadi, 17 ga Maris

Rumbu ya ƙare. Ina kai masu abin da ya sawwaƙa daga kasuwa. Mai gari ya samo wa Baba wani ɗan fegi can hanyar Wurma, rairayi zalla, shi ma aro. Mutumin da gonarshi ke bakin hanya, taki na shekara talatin a cikinta, yanzu zai fara daga farko da furfura.

Na daina bin hanyar da ta ratsa gaban allon. Ina zagayawa ta bayan gari, ko da ya fi nisa.

Asabar, 11 ga Mayu

Takarda ta sake zuwa, alkawarin na nan, bana ma kason ya ƙaru. Aka tura ni Wurma in ji masu son dashe kafin ruwa ya sauka. Mutane sun taru gindin tsamiya. Fari ya koya wa kowa hankali, da yawa sun ce suna so. Wani dattijo na gefe, mai gari na ta matsa mashi wai gonarshi ce ta fi shan iska, ya karɓa mana. Na ga yadda yake murza hula a hannu. Na ce a dakata. Na ce, "Baba, gonar taka ce ko aro?" Ya sunkuyar da kai. Na ce ba komai, ni ma ɗan mai aro ne, babana daga Tasawa ya zo. A fara zuwa wurin mai gonar, in ya yarda shi zai sa dashen farko da hannunshi. Ban san lokacin da maganar ta fita ba. Ba wanda ya yi dariya. Aka ci gaba da taro.

Da la'asar man babur ya yi ƙasa, dole na biyo gajeriyar hanya ta gaban allon. Yawancin bedin sun mutu, rani da awaki sun gama da su. Kaɗan suka rage. Na farkon layi kuwa, wanda Baba ya dasa, ya kai ƙirjina, kore shar, an kewaye shi da ƙaya. Baba na tsugune a gindinshi da garwa.

Ashe tun bayan kwashe kara ya je wurin Abdulƙadir da shaidu biyu, ya ce iccen da ya dasa ya ba magada kyauta, shi dai a ba shi izinin ban-ruwa. Abdulƙadir ya ce ya yi. Duk ranin nan yana zuwa, ni ina zagaye ta bayan gari.

Na ce Baba yanzu ai ba wanda zai tambaye ni, ka huta. Ya ci gaba da gyara ƙayar. Can ya ce, "Ba don kai ba ne." Ya ce tun da ya zo ƙasar ga bai taɓa dasa ko tsinke ba. Ya ga tsaranshi na zama inuwar abin da suka dasa, shi ko mangwaro ya tsiro da kanshi a gonar sai ya cire, kada a ce. Ya ce, "Ran nan da na durƙusa na san gona ta tafi. Amma wallahi Sabitu, da na danna ƙasar nan da hannuna sai da na ji daɗi. Allah ya yafe mani."

Na jingine babur jikin allon, na cire takalmin ofis, na karɓi sandar da garwa biyun. Ya ce in bi a hankali, tana cin kafaɗa.

Rijiyar da nisa ashe.